Abincin Kaji Mai Magani Da Yadda Ake Gane Cuta A Kaji Da Agwagin Gida



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake haɗa fuskokinmu a wannan wuri, ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro, wanda ya nemi in ce wani abu a kan fannin da nake aiki a cikinsa, wato likitancin dabbobi. Na zaɓi in yi magana a kan kaji da agwagin da muke kiwo a bayan gida, domin da yawa daga cikinmu, har da wasu malamanmu, sun ajiye aiki ko suna dab da ajiyewa, kuma kiwon kaji na daga cikin sana'o'in da ake fara zuba kuɗin sallama a cikinsu. Wanda ma bai shiga sana'ar ba, da wuya a rasa kaji biyar ko goma a gidansa, kuma kowa a nan ya san matsayinsu a wurin uwargida. Su ne asusunta. Da su ake sayen littafin yaro, da su ake karɓar baƙo, da su ake biyan kuɗin asibiti idan ciwo ya zo cikin dare. Saboda haka ranar da aka wayi gari akurki ya zama wayam, asarar ta wuce ta nama kawai.

Zan raba maganata gida uku. Da farko abincin kaji da ake sa wa magani tun daga kamfani, sannan yadda mai kiwo zai gane abin da ke damun tsuntsayensa, daga ƙarshe kuma abin da ya shafi lafiyarmu mu masu cin naman da ƙwan.

ABINCI MAI MAGANI

Idan mutum ya sayi buhun abincin 'yan tsaki, sau da yawa akwai magani a cikinsa ko da bai sani ba. Galibi an sa maganin ne saboda cuta guda, wadda ake kira koksidiyosis, wato ciwon da ke sa ɗan tsako kashin jini. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke shiga bangon hanji su hayayyafa har su fasa shi. Ƙwayayensu suna fita cikin kashi, kuma idan shimfiɗar ɗakin tana da laima da ɗumi, cikin kwana 1 zuwa 2 sun nuna, duk tsakon da ya tsattsage su ya kamu. An fi ganin cutar a tsakanin sati 3 zuwa 6 na rayuwar tsako, musamman da damina.

Magungunan da ake zubawa cikin abinci saboda wannan cuta iri-iri ne, kuma zan faɗi sunayensu kamar yadda ake rubuta su a jikin buhu, don kowa ya iya dubawa idan ya koma gida. Akwai amprolium, wanda ya fi sauran sauƙi. Siffarsa ta yi kama da ta bitamin B1, sai ƙwayar cutar ta ɗauke shi a maimakon bitamin ɗin, ta rasa abin da take rayuwa da shi. Daga nan za mu fahimci abu biyu. Wanda yake ba kajinsa amprolium a ruwa don magani, kuma a lokaci guda yana zuba musu garin bitamin mai B1 da yawa, to yana warware aikin da hannunsa. Wanda kuma ya ninka awo ya daɗe yana bayarwa, zai iya jawo wa kajin kansu ƙarancin bitamin ɗin, har a ga tsako yana zaune bisa gwiwa ya karkata wuya baya. Sai kuma dangin monensin da salinomycin da narasin da lasalocid, sannan nicarbazin. Waɗannan suna da ƙarfi, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da awon da ke kisa ba ta da faɗi.

Abin lura a nan shi ne, wannan magani rigakafin cuta ɗaya ne tak. Ba ya hana annobar hunturu, ba ya hana murar tsuntsaye, ba ya kashe tsutsar ciki. Na sha jin mutum yana cewa ai abincinsa mai magani ne, don haka bai ga dalilin yin rigakafi ba. Wannan kuskure ya cinye kaji masu yawa.

AGWAGWA DA WANNAN ABINCI

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, shin gaskiya ne abinci mai magani yana kashe 'ya'yan agwagwa? Maganar tana da tushe. A shekarun baya ana zuba wasu magunguna a abincin kaji, irin su furazolidone da masu sinadarin arsenik, waɗanda agwagwa ba ta jure musu kamar kaza. Furazolidone, alal misali, yana lalata zuciyar ɗan agwagwa da ɗan talotalo. Bugu da ƙari, ɗan agwagwa ya fi ɗan tsako ci nesa ba kusa ba, saboda haka maganin da aka auna da cikin tsako, shi yakan kwashi fiye da haka a yini. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana furazolidone a dabbobin da ake ci tun 1995, Amurka kuma ta janye na ƙarshen magungunan kaji masu arsenik a 2015. Shi kuwa amprolium, a awon da kamfani ke sawa, ba a san shi da kashe agwagwa ba. Sai dai agwagwa ba ta cika buƙatarsa ba, domin ƙwayar koksidiyosis ta kaza ba ta kama agwagwa, tata daban ce, kuma ba ta cika yi mata ɓarna ba. Shawarata ita ce, idan akwai abincin da ba magani, a ba 'ya'yan agwagwa shi. Idan babu, a karanta takardar buhu. In amprolium ne kaɗai, ana iya bayarwa. In kuwa wani suna ne daban, ko kuma an auno abincin ne a kwano ba takarda, to a tambayi likita kafin a zuba.

Akwai abin da ya fi magani damun ɗan agwagwa a abincin 'yan tsaki, shi ne ƙarancin bitamin da ake kira niyasin. Masana abincin dabbobi sun ƙiyasta cewa ɗan agwagwa yana buƙatar miligiram 55 a kowane kilo na abinci, alhali ɗan tsako 27 zuwa 35 sun ishe shi. Ga shi kuma niyasin ɗin da ke cikin masara a ɗaure yake, jiki ba ya iya cin moriyarsa sosai. Shi ya sa za a ga ɗan agwagwa yana girma da kyau, sai a sati na 2 ko na 3 ƙafafunsa su fara gwamewa, gwiwa ta kumbura, ya riƙa yawan zama. Masu shi sai su ce magani ne ya kama shi, ko sanyi. Garin bitamin na kaji mai niyasin a ciki yana gyara wannan idan an farga da wuri, haka nan dussar alkama da ƙuliƙuli mai kyau suna taimakawa. Kada kuma a manta agwagwa ba ta cin busasshen gari sai da ruwa a kusa, ruwan da zai isa ta tsoma kanta duka ta wanke hanci da ido.

Haka kuma kada a ba 'yan tsaki ko 'ya'yan agwagwa abincin kaji masu ƙwai. Wancan yana ɗauke da sinadarin kalsiyam wajen kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100 saboda ɓawon ƙwai, na tsako kuwa wajen kashi 1 ne. Wannan rara tana lalata ƙodar ƙaramin tsuntsu.

IDAN ABINCI YA FAƊA BAKIN DA BA NASA BA

A gidajenmu kowa da kowa a tsakar gida ɗaya yake kiwo, ga kaza, ga talotalo, ga tunkiya, wani gidan har da doki ko jaki. A nan haɗarin yake. Monensin ɗin da kaza za ta ci ta kwana lafiya, kaɗan daga cikinsa yana kashe doki, domin yana lalata naman zuciyarsa. Jaki da raƙumi da kare su ma ba su tsira ba. Ina roƙon masu dawakin hawan salla da ke cikinmu, kada a ajiye buhun abincin kaji inda doki zai kai baki, kuma kada a auna masa dussa da kwanon da ake aunar abincin kaji. Salinomycin da narasin kuma suna kashe talotalo, musamman manya. Shi kuwa nicarbazin, idan kaza mai ƙwai ta ci shi, ƙwai yakan ragu, jan ɓawo ya koɗe, gwaiduwa ta yi dabbare-dabbare, ƙyanƙyasa ta lalace. Daɗin daɗawa yana rage wa kaza juriyar zafi, abin da ya kamata mu kula da shi ƙwarai a watannin Maris da Afrilu da Mayu.

Wani haɗarin kuma shi ne gamin magunguna. Akwai maganin mura na kaji mai suna tiamulin. Idan aka ba kajin da ke cin abinci mai monensin ko salinomycin ko narasin, yana hana hanta fitar da su daga jiki, sai su taru su zama guba, ƙafafu su shanye, kaji su yi ta mutuwa. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar kwana 7 kafin da bayan. Mai kiwon da bai san abin da ke cikin buhunsa ba, ta yaya zai kiyaye wannan ƙa'ida? Don haka nake cewa takardar da ke ɗinke a bakin buhu a cire ta a adana, har sai buhun ya ƙare.

FUNFUNA

Sau da yawa abin da ake ɗora wa magani laifinsa, funfuna ce ta yi shi. A 1960 'ya'yan talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba, sai daga baya bincike ya gano ƙuliƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Barazil ne ke ɗauke da wata guba da funfuna ke haifarwa. Ita ce ake kira aflatoksin. A cikin duk tsuntsayen gida ba wanda ya kai ɗan agwagwa saurin faɗuwa da ita, har ma a da da 'ya'yan agwagwa ake gwada abinci a ɗakin bincike don a ga ko tana ciki. Hanta take ci. Dahuwa ba ta kashe ta, shanya a rana bayan ta riga ta samu ba ta fitar da ita, kuma tana iya kasancewa a hatsin da ido bai ga komai a jikinsa ba.

An taɓa kawo mini gawar 'ya'yan agwagwa daga wani gida, maigidan yana ta faɗa wai abincin kamfani ne ya kashe su. Da muka buɗe, sai ga hanta ta koɗe ta kumbura. Da muka bi diddigi, ashe ana ƙara musu da tsakin masarar da aka tsince daga ƙasan rumbu, wadda aka ga ba ta ciwuwa ga mutane. Wannan ɗabi'a ta ware ruɓaɓɓen hatsi a ce na kaji ne, ita ce ya kamata mu bari. Gubar ba ta tsaya kan tsuntsaye ba. A 2004 a Kenya mutum 125 suka rasu saboda cin masara mai ita, kuma tana daga cikin sanannun abubuwan da ke jawo sankarar hanta. Masu noma daga cikinmu su nemi Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gonar masara ko gyaɗa sati 2 zuwa 3 kafin fure. Buhun abinci kuma a ɗora shi bisa katako, nesa da bango, kada a sayi wanda zai wuce wata guda da damina.

YADDA AKE GANE CUTA

Kaza ba ta magana, kuma ɗabi'arta ce ta ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinta. Saboda haka aikin mai kiwo na farko shi ne kallo. A tsaya minti biyar kowace safiya kafin a zuba abinci, a ga wace ce ba ta rugo ba, wace ce ta ware kanta ta saki fukafukai ta lumshe ido. A lura da ci da sha. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, tana shan ruwa wajen ninki biyu na haka, fiye ma da zafi. Raguwar ci da sha takan riga sauran alamu bayyana da kwana guda ko biyu.

Idan an ga alama, akwai tambayoyin da kowane likita zai yi, kuma mai kiwo zai iya yi wa kansa. Shekarun waɗanda suka kamu nawa ne, ƙanana ne kaɗai ko har da manya? Nawa suka kamu, kuma cikin kwana nawa? Kaji ne kaɗai, ko har da agwagi da zabi? Me ya sauya a cikin sati biyun da suka wuce, sabon buhu ne aka buɗe, ko sabuwar kaza aka sayo daga kasuwa, ko feshin maganin ƙwari aka yi? Amsoshin nan suna raba hanya. Ciwon da ya kama kowa a yini ɗaya jim kaɗan bayan buɗe sabon buhu, abinci ake fara zargi. Wanda ya fara da ɗaya, gobe uku, jibi goma, bayan an kawo baƙuwar kaza, wannan mai yaɗuwa ne. Idan kaji suna zuba agwagi suna yawonsu lafiya, hankali ya tafi ga annobar hunturu. Idan agwagi ne ke faɗuwa kaji lafiya, a duba ruwan da suke wanka da hatsin da suke ci.

Bayan haka a kama marar lafiyar a duba ta daga kai zuwa ƙafa. A dubi zanko, ja ne ko ya koɗe ko ya yi shuɗi-shuɗi. A dubi ido da hanci, a buɗe baki, a kara kunne a ji numfashi. A shafa ƙashin ƙirji, idan ya fito kamar wuƙa to ciwon ya daɗe, irin na tsutsar ciki ko yunwa. A ɗaga fiffike a nemi ƙwarƙwata, a duba gashin da ke kewaye da dubura. Da dare kuma a haska tsagar bangon akurki da tocila, domin akwai wata kaska da ke ɓuya a can da rana ta fito da dare ta sha jini, tana kuma sa wa kaji zazzaɓi mai zawo kore. Sai kashi. Jini a kashin tsako yana nuna koksidiyosis. Farin zawo mai ruwa a 'yan sati 3 zuwa 6, suna cure wuri ɗaya gashi a tashe, yana nuna Gumboro. Kore shar kuma yakan zo da annobar hunturu, ko da yake duk kazar da ta daina ci kashinta yakan yi kore.

MANYAN CUTUTTUKA

Annobar da ke share kajin ƙauye da hunturu ita ce Nukasil, an sa mata sunan garin da ta ɓulla a Ingila a 1926. Alamunta su ne haki da baki buɗe, zawo kore, murɗewar wuya, da ƙwai mai taushin ɓawo. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, saboda haka babu kafso ko allurar da ke warkar da ita. Barkono da sassaƙen maɗaci da kafso ja da rawaya da ake jiƙa musu ba sa taɓa ƙwayar, waɗanda suka rayu dama masu rayuwa ne. Abin da ke aiki shi ne rigakafi, kuma yana da araha. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin wani nau'i mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, an yi shi ne musamman saboda kajin ƙauye. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita duk bayan wata 3 zuwa 4, kuma a tabbata an yi wata guda kafin hunturu ya kama. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Agwagwa ba ta cika nuna alamar wannan cuta ba, amma tana iya ɗauke da ita ta raba wa kaji, shi ya sa ake so makwancinsu da mashayarsu su zama daban.

Gumboro ita ma bairos ce, an sa mata sunan wani gari a Amurka. Tana lalata garkuwar jikin tsako, ta yadda ko ya rayu wasu cututtuka za su riƙa samunsa cikin sauƙi. Ita ma rigakafi ne maganinta.

A wajen agwagi, akwai ciwon da ke sa wuya ya saki ya kwanta ƙasa kamar igiya, ƙafa da fiffike su mutu, har agwagwa ta nutse a ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba. Guba ce da wata bakteriya ke haifarwa a cikin mushe da ruɓaɓɓen ruwan kwata ko kududdufi, kuma tsutsar da ke cin mushe tana tara ta. Agwagwa ta ci tsutsar nan kaɗan, ta faɗi. Maganin abin shi ne a binne duk mushe da wuri, a hana su ruwan da ya tsaya ya yi wari. Wadda ba ta sha da yawa ba, idan aka sa ta a inuwa ana ɗura mata ruwa mai tsabta, takan tashi. Akwai kuma ciwon hanta na bairos da ke kashe 'ya'yan agwagwa 'yan ƙasa da sati 3 cikin sa'o'i kaɗan, a same su a mace kai ya lanƙwashe baya.

Wadda ta fi kowace haɗari ita ce murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da nau'in H5N1 a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a nahiyar Afirka, kuma a cikin watan aka same ta a jikin agwagin gida a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta sake dawowa a 2015, sannan a 2021. Alamunta su ne mutuwar farat ɗaya da yawa, kumburin kai, zanko ya yi shuɗi, ƙafa ta yi ja kamar an ƙona. Ko likita ba ya iya raba ta da Nukasil da ido, sai an kai ɗakin bincike. Agwagwa kuma tana iya ɗaukar ta daga tsuntsayen ruwa a fadama ta kawo gida. Idan aka ga irin wannan mutuwa, kada a yanka, kada a fige, kada a buɗe gawa, kada yara su taɓa, kada kuma a kwashi ragowar a ruga kasuwa da su, domin ta haka cutar ke tsallaka gari zuwa gari. A sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma nan take.

In ba irin wannan ba ce, to gawa ita ce babbar shaida. A sa wadda ta mutu yanzu-yanzu a leda biyu, a kewaye ta da ƙanƙara ba tare da an daskarar da ita ba, a haɗa da marar lafiya guda mai rai, da ɗan abincin da suke ci, da takardar buhu, da kwalin duk maganin da aka ba su. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna wannan aiki, haka ma asibitocin dabbobi na jihohi. Kuɗin buɗe gawa ɗaya bai kai na magunguna ukun da ake saya bisa kirdado ba.

ABIN DA KE KOMOWA CIKINMU

Duk maganin da aka ba kaza yana ɗaukar kwanaki kafin ya bar jikinta, kuma a cikin kwanakin yana cikin namanta da ƙwanta. A jikin kowane magani na kirki an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a ci ƙwai. Wasu magungunan ma sam ba a yarda a ba kaza mai ƙwai ba. Chloramphenicol, wanda ake samu a wasu garin magungunan da ake tallatawa, yana iya hana ɓargon ɗan'adam yin jini, shi ya sa ƙasashe da dama suka haramta shi a dabbobin da ake ci. Mai sayar da ƙwai a cikin kwanakin jira ya tuna maƙwabcinsa ne zai soya wa 'ya'yansa, kuma wannan amana ce.

Sannan akwai matsalar da ta fi wannan girma. Yawan zuba antibayotik a ruwan kaji ba dalili yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, kuma magungunan nan dangi ɗaya ne da waɗanda ake ba mu a asibiti. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma tun 2006. Mu ma kowa zai iya farawa daga akurkinsa, kada a ba da shi sai likita ya ce, in an fara kuma a cika kwanakin.

KAMMALAWA

Shugaba, ranka ya daɗe, Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a kiwon kaji ya fi shi araha ma. A ware baƙuwar kaza aƙalla sati 2 kafin a haɗa ta da na gida. A raba ƙanana da manya, a raba kaji da agwagi. A kiyaye shimfiɗa a bushe, ko ɓuntun shinkafa ne ko garin katako, a wanke mashaya kullum. A riƙe ɗan littafi ana rubuta ranar rigakafi da ranar buɗe buhu da adadin waɗanda suka mutu, kamar yadda malamanmu na kimiyyar noma suka koya mana a gonar makaranta.

Ina kuma da roƙo guda ga wannan ƙungiya. Kwalbar rigakafin Nukasil guda tana isar kaji da yawa, fiye da na gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta ba ta daɗewa, shi ya sa mai kaji goma ba ya saye. Idan ƙungiya ta ɗauki nauyin sayen 'yan kwalabe sau uku a shekara, aka koya wa ɗaliban da ke karatun noma a nan yadda ake ɗigawa, suka zaga unguwannin da ke kewaye da makaranta, to kajin iyaye mata da yawa za su tsallake hunturu, yaran kuma sun koyi sana'a. Ni a shirye nake in zo in koyar da su kyauta, kuma ina fata kwamiti zai sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi.